Me ake nufi da "fitila mai adireshi"?

Zirin fitilun LED iri biyu ne, ko da yake a ido kamar ɗaya suke. Akwai wanda idan ka ce masa ja, daga kai har wutsiya ja zai zama. Akwai kuma wanda ƙwan farko zai yi ja, na biyu kore, na hamsin yana kashe, haske yana gudu a jikinsa kamar ana korarsa. Wannan na biyun shi ake rubuta wa "addressable" a jikin kwali, wato mai adireshi: kowane ƙwai ana iya ba shi umarni shi kaɗai ba tare da an taɓa maƙwabcinsa ba.

Sai dai sunan yana ɗan ruɗar da mutane. Babu wata lamba da aka buga wa kowane ƙwai daga masana'anta. Ƙwai na 17 bai san shi ne na 17 ba. In ka yanke shi ka maido shi gaba, nan take ya zama na farko. Adireshinsa gurbinsa ne a layi, shi ke nan. Wanda ya gane wannan ya gama gane rabin halayen zirin.

Mafi shahara a cikinsu shi ne WS2812B, na kamfanin Worldsemi da ke ƙasar Sin. Kamfanin Adafruit na Amurka yana sayar da irinsa da sunan NeoPixel, har sunan ya bi bakin mutane. Kowane ƙwai yana ɗauke da 'yan fitilu uku, ja da kore da shuɗi, da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ake iya hango ta kamar baƙin ɗigo idan aka ƙura ido. Wayoyi uku kawai ke shiga zirin: ta wuta mai bolt 5, ta GND wadda wutar ke komawa ta cikinta, sai ta saƙo. Kowane launi ana ba shi lamba daga 0 zuwa 255, wato bit 8 (bit shi ne sifili ko ɗaya a lissafin kwamfuta), saboda haka ƙwai ɗaya yana buƙatar bit 24, kuma da su za a iya haɗa launuka sama da miliyan 16.

Ga yadda rabon yake. Kwamfuta tana turo saƙon dukan zirin a jere ta waya ɗaya. Ƙwan farko ya ɗauki bit 24 na farko ya riƙe, duk abin da ya biyo baya ya miƙa wa na gaba. Na biyu shi ma ya cire nasa ya miƙa saura, haka har ƙarshe. Idan wayar ta yi shiru na ɗan lokaci, kowa ya san an gama rabo, sai duk su nuna launin da suka karɓa. Shi ya sa akwai 'yar kibiya a jikin zirin: saƙo yana shiga ta DIN ya fita ta DOUT, ba ya komawa baya. Shi ya sa kuma idan ƙwai ɗaya ya lalace a tsakiya, duk na bayansa kan yi duhu ko su rikice alhali lafiyarsu ƙalau. Ba su da mai miƙo musu ne.

To, wace kwamfuta ce za ta turo wannan saƙon? Ana iya amfani da kwamfuta mai allo guda, irin su Raspberry Pi, wadda ta fara fitowa a 2012, komai nata yana kan allo ɗaya da bai wuce tafin hannu ba, da jerin ƙafafu da ake kira GPIO inda ake jona wayoyi. A ɓangaren rubuta umarni abin ba wuya. A yaren Python, da laburaren NeoPixel, wato tarin umarnin da aka riga aka shirya don wannan aiki, zirin yana zama kamar jerin gurabe, ƙirga kuma daga 0 yake farawa. Ka rubuta pixels[0] = (255, 0, 0), ƙwan farko ya yi ja. Hasken nan da ake gani yana gudu ba komai ba ne illa kunna gurbi na gaba, a kashe na baya, a ɗan dakata, a sake.

Wahalar tana ƙarƙashin wannan layin. WS2812B ba shi da wayar agogo da za ta gaya masa inda bit ya fara da inda ya ƙare. Da tsawon bugun wuta yake rarrabewa. Kowane bit yana cin maikurosakan 1.25, maikurosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. In wutar ta tsaya a sama kamar 0.4, sifili ke nan. In ta kai kamar 0.8, ɗaya ke nan. Ita kuwa Raspberry Pi tana tafiya ne da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wanda ke da ayyuka barkatai a gabansa. Yana cikin turo maka saƙo sai ya juya ya duba intanet ko faifan ajiya, ya dawo bayan an riga an makara, zirin kuma ya ɗauki shirun a matsayin an gama. Sakamakon shi ne ƙyafte-ƙyafte da launukan da ba wanda ya nema.

Dabarar da aka yi ita ce a cire aikin daga hannun babbar ƙwaƙwalwar kwamfutar gaba ɗaya. Laburaren rpi_ws281x, wanda Jeremy Garff ya fara, yana shirya saƙon a ma'ajiya, sannan wani sashe mai suna DMA ya riƙa zuba shi ta PWM ko PCM, ko kuma a bi ta SPI, waɗanda sassa ne na allon da ke fitar da bugun wuta a kan ƙayyadadden lokaci, ba tare da jiran Linux ba. Dalilin ke nan da ya sa kusan kowa ke jona wayar saƙo a GPIO18, ƙafar da PWM ke fita ta cikinta, kuma dalilin da ya sa ake neman izinin sudo, wato izinin mai cikakken iko da kwamfutar, kafin shirin ya tashi. Akwai ɗan tarko a nan: PWM ɗin shi ne kuma ke fitar da sauti ta ramin lasifikar kunne, don haka sai an kashe sautin, in ba haka ba su yi ta rikici a kan abu ɗaya. Raspberry Pi 5 kuwa ta zo da sabon tsarin ƙafafu, tsohuwar hanyar ba ta hau kanta kai tsaye ba.

A ganina, wanda bai riga ya sayi ziri ba ya duba APA102, wanda Adafruit ke kira DotStar. Yana da wayar agogo daban, saboda haka ko Linux ya yi jinkiri, zirin zai jira shi.

Tsarin layi yana da wani lissafi. Ƙwai ɗaya yana cin maikurosakan 30, to ƙwai 300 za su ci kashi 9 cikin dubu na sakan, ana iya sabunta su kusan sau 100 a sakan. In sun kai 1,000, abin ya sauko zuwa wajen sau 33. Ko ƙwai ɗaya tak kake son canzawa a ƙarshen layi, sai ka sake turo saƙon duk waɗanda ke gabansa.

Sai batun wuta, inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Ƙwai ɗaya in ya kunna fari da dukan ƙarfinsa yana jan kusan miliamfiya 60, miliamfiya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya, ma'aunin yawan wutar da ake ja. Ana yin ziri mai ƙwai 30 ko 60 ko 144 a mita, to mai 60 zai iya jan amfiya 3.6 a mita ɗaya kacal. Ƙafar bolt 5 ta kwamfutar ba za ta ɗauki wannan ba. Dole a ba zirin tasa wutar daban, amma a haɗa GND ɗinsa da na kwamfutar. Na taɓa ɓata yamma guda ina gyara umarnin da ba abin da ya same shi, fitilu suna ta walƙiya kamar masu zazzaɓi, ashe wannan 'yar wayar ce ban jona ba. In zirin dogo ne za ka ga fari ya fara komawa ruwan ɗorawa ko ja-ja a can ƙarshe, alamar wuta ta raunana a hanya, sai a ƙara shigar da ita daga ɗaya bakin.

Ƙafafun GPIO kuma bolt 3.3 suke bayarwa, alhali zirin yana son ya ga kamar 3.5 kafin ya tabbata an ce masa ɗaya. Sau da yawa yakan yi aiki a haka, ranar da ya ga dama kuma ya ƙi. Wata 'yar na'ura mai lamba 74AHCT125 ita ke ɗaga saƙon zuwa bolt 5. Adafruit na ba da shawarar a sa rizista, mai rage ƙarfin wuta, mai om 300 zuwa 500 a wayar saƙo da babbar kafasita, mai tare bugun wuta, a bakin wuta, don kare ƙwan farko, tunda shi ne mai miƙa wa kowa.

In kuma ka ce ja sai kore ya fito, zirin bai lalace ba. WS2812B yana karɓar launukansa ne kore da farko, sannan ja, sannan shuɗi. Canza tsarin daga RGB (ja, kore, shuɗi) zuwa GRB (kore, ja, shuɗi) a wurin da ka bayyana zirin a cikin umarninka.