Waiwaye: Taken Shugaba, Na Mutum Ne Ko Na Kujera?

Asalin kiɗan maci ba na yabo ba ne. Aikinsa daidaita ƙafafun sojoji: hagu, dama, taku wajen 120 a minti guda. To amma kiɗan da zai sa mutum dubu su ɗaga ƙafa a tare ba zai kuɓuce wa masu mulki ba. Da haka 'yan badujala suka tashi daga masu raka runduna suka koma masu sanar da isowar shugaba, mawallafa kiɗa kuma suka shiga tsara wa kowane sabon mai mulki takensa.

Amurka ta soma da wuri. A 1789, shekarar da aka rantsar da George Washington, aka samu macin girmama shi wanda ake dangantawa da wani makaɗi Philip Phile. A 1798 lauya Joseph Hopkinson ya sa masa baituka, ya zama "Hail, Columbia". Yau ga wa ake kaɗa shi? Mataimakin shugaban ƙasa. Taken da aka yi wa uban ƙasa ya gangaro kujera ta biyu.

Wanda ya karɓe gurbinsa, "Hail to the Chief", ko kusa ba don shugaban Amurka aka tsara shi ba. Daga wata waƙa ta Walter Scott ta 1810 ya fito, inda ake tarbar wani shugaban ƙabila a Sikotlan yana isowa cikin kwalekwale. Wani Bature ɗan Ingila, James Sanderson, ya sa mata kiɗa domin wasan kwaikwayo. Andrew Jackson ne shugaba na farko da aka kaɗa masa shi yana raye, a 1829. Ana cewa matar Shugaba James Polk ce ta dage a riƙa kaɗawa, don mijinta ba mai cika ido ba ne, yakan shigo taro ba a ankara ba. Shugaba Chester Arthur kuwa ƙin kiɗan ya yi, ya sa John Philip Sousa, jagoran badujalar sojojin kundumbala, ya tsara wani sabo. Sousa ya tsara, amma sabon bai yi farin jini ba. A 1954 Ma'aikatar Tsaro ta tabbatar da tsohon a hukumance. Ga nawa ganin, abin da ya sa ya daɗe shi ne ba sunan kowa a cikinsa. Duk wanda ya hau kujera nasa ne.

Shi dai wannan Sousa ya ga abin da ya fi haka. Ranar 4 ga Maris, 1881, aka rantsar da James Garfield da macin da ya tsara masa. Ranar 2 ga Yuli aka harbe Garfield a tashar jirgin ƙasa, ya cika ranar 19 ga Satumba. Alƙalamin da ya rubuta kiɗan murna shi ya koma ya rubuta na rakiyar gawa, tsakani wata shida da 'yan kwanaki.

A Turai ma haka zancen yake. Beethoven ya yi niyyar sa wa babban kiɗansa na uku sunan Napoleon. Da ya ji a 1804 mutumin ya naɗa kansa sarki, sai ya kankare sunan da ƙarfi har takardar ta huje. Ba maci ba ne, amma akwai macin jana'iza a tsakiyarsa.

Sai macin Radetzky, wanda Johann Strauss Babba ya tsara a 1848 don taya wannan kwamandan Ostiriya murnar nasararsa a Custoza. Kusan kowace ranar 1 ga Janairu da shi ake rufe kiɗan sabuwar shekara a Vienna, jama'a na tafi suna dariya, jagoran makaɗa ya juyo yana nuna musu inda za su sassauta tafin. Kaɗan ne cikinsu ke tuna cewa nasarar ta murƙushe Italiyawa ce masu neman 'yancin kansu. Daɗin kiɗa ya wanke sunan, ko kuma a ce ya haɗiye shi.

Ba kowane maci ya yi wannan sa'ar ba. Georg Fürst ya tsara na Badenweiler a 1914, lokacin Hitler ba kowa ba ne. Bai yi masa shi ba. Hitler ya so shi, ya mayar da shi taken shigowarsa, har a 1939 aka fitar da doka cewa kada a kaɗa shi a bainar jama'a sai yana wurin. Fürst ya rasu a 1936, bai ga ƙarshen lamarin ba. Zama da maɗaukin kanwa ya jawo wa kiɗan farin kai: bayan yaƙi rundunar sojan Jamus ta jingine shi, ba ta kaɗa shi a faretinta.