Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Greensboro

Hukumar Gaskiya da Sulhu ta Greensboro kwamiti ne na mutum bakwai da ya yi aiki daga 2004 zuwa 2006 a birnin Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka. An kafa ta domin bin diddigin kisan da aka yi a birnin ranar 3 ga Nuwamba, 1979, ta hanyar sauraron labari daga bakin waɗanda abin ya shafa. Ita ce irinta ta farko a Amurka. Ta ɗauki salo daga hukumar Afirka ta Kudu da Akbishop Desmond Tutu ya jagoranta, sai dai ba gwamnati ce ta kafa ta ba. Mutanen gari ne, da limaman coci da waɗanda suka tsira daga harin.

Abin da ya faru a 1979

A safiyar ranar, 'yan wata ƙungiyar ma'aikata mai ra'ayin kwaminisanci sun taru a Morningside Homes, unguwar baƙaƙen fata marasa ƙarfi, don yin zanga-zangar la'antar Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu aƙidar fifikon launi. Sai ga jerin motocin 'yan Klan da 'yan Nazi na Amurka. Aka fara da duka da sanduna, aka koma harbi. Cikin daƙiƙa 88 aka yi wa mutum biyar harbin da ya zama ajalinsu: César Cauce, Michael Nathan, William Sampson, Sandra Smith da James Waller. Wasu kimanin goma suka jikkata.

Masu ɗaukar hoton talabijin sun naɗi harbin, amma babu ɗan sanda mai kayan sarki a wurin, alhali 'yan sanda suna da ɗan leƙen asiri a cikin Klan, Edward Dawson, wanda ya sanar da su shirin. An yi shari'a a kotun jiha a 1980 da kotun tarayya a 1984, kuma sau biyun masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu fararen fata, suka wanke waɗanda ake tuhuma. Sai a ƙarar neman diyya ta 1985 aka ɗora wa mutum takwas, har da 'yan sanda biyu, alhakin mutuwar Nathan kaɗai. Hukumar birnin ta biya dala 351,000, ba tare da ta amsa laifi ba.

Tushen bangaskiya

Wanda ya fi kowa dagewa a kan kafa hukumar shi ne Nelson Johnson, jagoran zanga-zangar, wanda aka soka wa wuƙa a ranar. Daga baya ya shiga makarantar tauhidi, ya zama fasto na Faith Community Church. Shi da mai ɗakinsa Joyce suna cikin waɗanda suka kafa cibiyar Beloved Community Center, wato “ƙaunatacciyar al'umma”, kalmar da Martin Luther King ya yawaita amfani da ita.

A majami'un baƙaƙen fatar Amurka akwai tsohuwar al'adar ba da shaida: mutum ya miƙe a gaban ikilisiya ya faɗi wahalar da ya sha da yadda Ubangiji ya fid da shi, jama'a kuma su saurara, su amsa. Wannan al'ada ta sa zaman hukumar bai zama baƙon abu ga mutanen unguwa ba. Koyarwar Kirista kuma ta haɗa gafara da furta zunubi da tuba, har da mayar da haƙƙi kamar yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi a Linjilar Luka, sura ta 19. Duk da haka hukumar ba reshen coci ba ce, kuma biyu daga cikin mamatan Yahudawa ne.

Yadda aka gudanar da aikin

Babban ƙalubale shi ne amana. Da waɗanda suka tsira ne suka zaɓi kwamishinonin da kansu, da rabin gari ya ce an riga an rubuta hukunci. Don haka aka kafa kwamitin tantancewa na wakilai 14 daga sassan al'umma, ƙarƙashin Alƙali Lawrence McSwain. Jama'a suka gabatar da sunaye 67, aka fitar da bakwai, mata biyar da maza biyu, aka rantsar da su ranar 12 ga Yuni, 2004.

Ma'aikatan hukumar sun karɓi bayanai kusan 200, suka gwada su da takardun kotu, rahotannin 'yan sanda da faifan bidiyo. Wannan mataki ne ya bambanta aikin da zaman jaje kawai, domin bayan shekara 25 tunani yana gaurayuwa da abin da mutum ya ji daga wasu. An yi zaman bainar jama'a sau uku a 2005, kowanne kwana biyu, inda mutum 54 suka yi magana. Na farko ya duba abin da ya kai ga ranar, na biyu ranar kanta, na uku kuma alaƙar wancan da halin da ake ciki.

An ji daga matan mamatan, mazauna Morningside, lauyoyi, 'yan sanda da alƙalin shari'ar 1980. Virgil Griffin, shugaban Klan da ke cikin jerin motocin, ya zo ya yi magana bai nuna nadama ba. Roland Wayne Wood, ɗaya daga cikin maharban, ya nemi gafarar Signe Waller, matar James Waller. Johnson shi ma ya ba da haƙuri kan taken “Mutuwa ga Klan” da suka yi amfani da shi, kuma wannan ya yi nauyi ƙwarai, ganin cewa daga ɓangaren da aka zubar wa jini ya fito.

Inda aka sami cikas

Hukumar ba ta da ikon tilasta wa kowa bayyana, ba ta kuma iya yi wa kowa afuwa. Mutane da dama da suka san abubuwa sun ƙi zuwa, wasu kuma tsoro ya hana su. A Afrilun 2005 majalisar birnin ta ƙi mara wa aikin baya da ƙuri'a 6 da 3: fararen fata shida a gefe guda, baƙaƙen fata uku a ɗaya gefen.

Rahoton, mai shafi sama da 500, ya fito ranar 25 ga Mayu, 2006, a ɗakin sujada na Kwalejin Bennett, makarantar da Sandra Smith ta taɓa shugabantar ɗalibanta. Ya ɗora mafi girman alhaki a kan 'yan Klan da 'yan Nazi, ya ce rashin 'yan sanda ne babban abin da ya sa jini ya zuba, ya kuma zargi masu zanga-zangar da kalaman tsokana da rashin tuntuɓar mazauna unguwar yadda ya kamata.

An kafa allon tarihi kusa da wurin a 2015. Ranar 6 ga Oktoba, 2020, majalisar birnin ta nemi gafara a hukumance da ƙuri'a 7 da 2, ta kuma ware tallafin karatu na dala 1,979 ga kowane ɗaya daga ɗalibai biyar na sakandaren Dudley duk shekara, da sunan mamatan biyar.