Me Ake Nufi da Adalcin Zamantakewa?

'Yan ƙwadago suna faɗin maganar adalcin zamantakewa idan za su shiga yajin aiki, 'yan siyasa suna faɗin ta lokacin kamfe, ƙungiyoyin fararen hula kuwa kusan ba sa fitar da sanarwa babu ita. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 20 ga Fabrairun kowace shekara, an kuma fara bikin ranar a 2009. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ma, a sashe na 14, ya ce an gina ƙasar ne a kan dimokuraɗiyya da adalcin zamantakewa. Sai dai yawan jin magana ba ya nufin an fahimce ta, kuma wannan maganar tana da nauyin da bai kamata a bar ta ta zama adon jawabi kawai ba.

Adalcin da kowa ya sani shi ne na gaban alƙali. Akwai mai ƙara, akwai wanda ake ƙara. Wani ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa, wani ya karɓi bashi ya ƙi biya, sai a bincika, a karɓo wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin falsafar Girka Aristotle ya raba wannan da wani nau'in adalci na dabam, wato na rabo: yadda al'umma take kasafta dukiya da muƙami da daraja a tsakanin 'ya'yanta. Adalcin zamantakewa daga wannan reshe na biyu ya fito. Ba ya tambayar wa ya cuci wa. Abin da yake dubawa shi ne tsarin da muke rayuwa a cikinsa, dokoki da haraji da kasuwa da makaranta da asibiti, yadda yake raba daɗi da wuya, da kuma ko za a iya kare wannan rabon a gaban wanda ya fi kowa shan wuyarsa.

A ɗauki jarirai biyu da aka haifa rana ɗaya. Ɗaya a gidan ma'aikacin banki a birni, ɗaya a ƙauyen da mai naƙuda sai an ɗora ta a kan babur an yi tafiya mai nisa kafin a ga ungozomar asibiti. Ba wanda ya saci komai daga jariri na biyu. Babu wanda iyayensa za su kai ƙara kotu. Duk da haka, tun kafin a raɗa musu suna an riga an san wanda ya fi yiwuwa ya kai shekara biyar a raye, da wanda zai iya karanta takardar da za a ba shi ya sa hannu idan ya girma. Masu wannan ra'ayi suna cewa nan ma akwai zalunci, ko da ba a ga fuskar azzalumin ba, domin tsarin da ya haifar da bambancin mutane ne suka yi shi, kuma mutane suna iya sauya shi.

Sunan "adalcin zamantakewa" ya fito ne daga Turai a shekarun 1840, daga alƙalamin wani malamin cocin Katolika ɗan Italiya, Luigi Taparelli, a zamanin da masana'antu suke cika birane da ma'aikata marasa gata. A 1919 aka rubuta shi a kundin kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda aka ce zaman lafiyar duniya ba ya samuwa sai a kansa.

Wanda ya fi kowa ba maganar ƙashin baya a zamaninmu shi ne John Rawls, malamin falsafa a jami'ar Harvard ta Amurka, a littafinsa na 1971 a kan ka'idar adalci. Yana yaro, ƙannensa biyu suka rasu sakamakon cututtukan da suka ɗauka daga wurinsa, shi kuma ya rayu. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya ga haka ya girma yana ƙin yarda cewa sa'ar haihuwa cancanta ce. Ba ka zaɓi iyayenka ba, ba ka zaɓi garinku ba, ko kaifin ƙwaƙwalwarka ba kai ka ba kanka ba.

Gwajin da ya kawo ana kiran sa labulen rashin sani. A ce an tara mutane su tsara dokokin ƙasarsu, amma an rufe wa kowa sanin ko wane ne zai zama a cikinta: namiji ko mace, mai lafiya ko mai naƙasa, ɗan masu hannu da shuni ko ɗan talaka, ɗan babbar ƙabila ko ƙarama. Duk wanda ya taɓa halartar watanda ya san sirrin: idan mai kasa nama bai san kashin da zai faɗo masa ba, ba zai tara tsoka a wuri ɗaya ya bar ƙashi da kitse a wani ba. Rawls ya ce mutanen da ke bayan wannan labulen za su amince da abu biyu. Na farko, kowa ya sami 'yancin asali iri ɗaya, na addini da magana da zaɓe, ba a sayar da na wani don jin daɗin wasu. Na biyu, a yarda da bambancin dukiya da matsayi, amma da sharaɗi: ƙofar muƙami ta kasance a buɗe ga kowa buɗewa ta gaskiya, kuma bambancin ya zama yana amfanar na ƙasa. Likita ya fi leburan asibiti albashi, babu laifi, muddin hakan ne yake sa a sami likitan da zai duba ɗan leburan.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna zaton adalcin zamantakewa yana nufin a raba daidai, kowa ya zama ɗaya. Rawls bai faɗi haka ba. Abin da ya hana shi ne kashin dankali, inda hawan na sama yake zama sanadin danne na ƙasa.

An yi masa raddi, kuma raddin ba na wasa ba ne. Abokin aikinsa a Harvard, Robert Nozick, ya amsa a 1974 cewa dukiya ba daga sama take faɗowa ba balle a zauna a raba. Idan mutum ya same ta ta hanyar halal, ko aka ba shi da yardar mai ita, tasa ce, kuma ƙwace wani ɓangare na ladan aikinsa da sunan haraji ya yi kama da sa shi aikin tilas. Masanin tattalin arziki Friedrich Hayek ya ce maganar gaba ɗaya kawalwalniya ce, tunda babu wani mutum guda da yake raba abin da kasuwa ta bayar. Ina ganin suna da gaskiya a wuri ɗaya: gwamnatin da ta riƙe ikon rabo tana iya zama ita ce babbar azzaluma, kuma mun ga tallafin da aka ce na talaka ne yana ƙarewa a aljihun shafaffu da mai. Amma shi kansa Nozick ya yarda cewa idan tushen dukiya ƙwace ne, dole a gyara. Filaye nawa, kwangila nawa, lasisi nawa ne za su tsallake wannan sharaɗin?

Amartya Sen, ɗan Indiya da ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1998, ya ƙara wani abu da nake ganin ya fi kusa da ƙasa. Yana ɗan shekara tara ya ga yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, wadda ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Daga baya ya nuna cewa ba ƙarewar abinci ce ta kashe su ba, farashi ne ya yi tashin gwauron zabo, abin hannun leburori da masunta ya kasa sayen shinkafa. Shi ya sa ya ce kada a tsaya a kan abin da aka rubuta wa mutum a takarda, a duba abin da zai iya yi da rayuwarsa a zahiri. Makaranta kyauta ce, amma idan babu malami a ajin, yarinyar ba ta sami komai ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan muhawara. Zakka da kanta ta ginu ne a kan cewa mabuƙaci yana da haƙƙi sananne a cikin dukiyar mawadaci, ba alfarma ake yi masa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan zamaninsa a kan jangali da gaisuwa da cin dukiyar talakawa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta gina siyasarta kacokan a kan 'yancin talaka.

Abin da ke damuna shi ne yadda maganar ta ƙanƙance a bakinmu yau. Idan aka ce ba a yi mana adalci ba, galibi ana nufin ba a ba ɗan jiharmu minista ba. Gaskiya ne sashe na 14 ya tanadi a riƙa la'akari da kowane yanki wajen naɗe-naɗe, an kuma kafa hukumar da ke sa ido a kan haka a 1996, kuma ƙasa mai yawan ƙabilu tana buƙatar hakan. Amma rabon kujera tsakanin manyan jihohi bai taɓa jaririn ƙauyen nan ba. Ana iya cika kowane gurbi daidai, shi kuma ya ci gaba da zama ba asibiti.

Dokar ma ta bar giɓi. Babi na biyu na kundin, inda aka yi alkawarin ilimi da lafiya da abin zaman gari, sashe na 6(6)(c) ya hana kotuna tilasta wa gwamnati cika shi. Kotun ECOWAS ta bi ta wata ƙofar a 2010, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar, ta ce ilimin farko haƙƙi ne na kowane yaro ɗan Nijeriya. Akwai kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗiba. Shekara da shekaru, jihohi da dama sun bar kuɗin a ajiye saboda ba su kawo nasu ba, alhali yaransu suna zaune a ƙasa cikin ajin da iska ta yaye wa rufi.