Waiwaye: Yadda arhar ɗanyen mai ta tauye robar da ke ruɓewa

Tattaunawar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar roba ta watse a Busan ta Koriya ta Kudu a 2024, ta sake watsewa a Geneva ta Switzerland a 2025, ba a cimma matsaya ba. Tun daga nan ake ta tambayar me ya hana a koma ga robar da ke ruɓewa da kanta. Wasu na cewa fasahar ce ba ta nuna ba tukuna, alhali ta doshi shekara 100.

A 1926 masanin Faransa Maurice Lemoigne ya gano sinadarin PHB, wanda ake iya yin roba mai ruɓewa da shi, a cikin bakteriya. Idan ta samu sukari a wadace amma naitirojin ya yi mata ƙaranci, sai ta daina hayayyafa ta shiga tara shi kamar kitse, a wasu nau'o'in har ya kai kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta. Binciken ya daɗe a ɗakin gwaji, sai da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973 aka waiwaye shi, tunda daga mai ake yin robar yau da kullum. Kamfanin ICI na Ingila ya riƙa ciyar da bakteriya sukarin tsirrai a manyan tankuna, ya fito da robar da ya kira Biopol.

Shekarar da ba a cika ambata ba ita ce 1986, kuma a ganina nan lamarin ya karkace. Gangar ɗanyen mai da ake sayarwa kusan dala 30 a ƙarshen 1985 ta faɗo wajen dala 10. Dama tsoron tsadar mai ne ya tayar da aikin, batun muhalli daga baya ya shigo. Da man ya yi arha, lissafin duka ya ruguje. Mai yin robar bakteriya sai ya sayi sukari, ya tsabtace tanki da tururi don kada wata ƙwaya ta kutsa ta ɓata tsimin, ya yi ta hura iska, sannan ya fasa ƙwayoyin ya tace abin da ke cikinsu. Abokin takararsa mai yin robar mai kuwa daga rarar matatar mai yake ɗiba, a masana'antun da suka daɗe da mayar da jarinsu. Ba a sa kuɗin kwashe shara ko gurɓatar teku a farashinsa ba, wannan jama'a ke biya.

An dai sayar da kwalbar sabulun wanke gashi ta Biopol a Jamus a 1990, amma tsadarta ta ninka ta robar mai sau da yawa. Fasahar ta yi ta sauya hannu, kafin ƙarshen shekarun 1990 aka dakatar da sarrafa ta. Shekarun da ya kamata a gina manyan masana'antu don farashinta ya sauko, a jira suka tafi.

Wadda ta fi samun kasuwa daga baya ita ce robar PLA, wadda ake yi daga sinadarin da bakteriya ke fitarwa idan ta tsima sukarin masara ko rake. Sai dai ita tana buƙatar wurin haɗa taki mai zafin kusan digiri 58 na ma'aunin Celsius kafin ta ruɓe da kyau, a teku kuwa tana daɗewa. Duk robobin tsirrai a haɗe har yanzu ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 na robar da duniya ke ƙerawa a shekara ba.