Waiwaye: kafin a sami kyamarar waya, akwai matar da ta zauna tana ƙirga gawarwaki

Tun daga watan Mayun 2020 da bidiyon mutuwar George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya danne wa wuya a Minneapolis, ya karaɗe duniya ake ta wannan cacar bakin, har yau ba ta mutu ba. Wasu na cewa wai duk wannan sa ido a kan wariyar launin fata a Amurka surutu ne kawai, a yi ta yaɗa hotuna a Facebook kwana biyu a manta. Wasu kuma na cewa a'a, sa idon nan shi ne kula da naka, wanda bai san halin da maƙwabcinsa ke ciki ba ta ina zai taimake shi? Abin da ke ba ni mamaki dai shi ne yadda ɓangarorin biyu ke magana kamar jiya-jiya aka fara.

Farkon labarin kowa ya sani. 1619 aka sauke 'yan Afirka a Virginia, 1865 aka soke bauta bayan yaƙin basasa, ba a jima ba kuma jihohin kudu suka cika da dokokin rarraba baƙi da farare, makaranta daban, kujerar jirgin ƙasa daban. Daga nan galibi sai a yi tsalle a faɗa kan Martin Luther King da shekarun 1960, kamar a tsakani ba wanda ya motsa.

To ni inda nake so a tsaya shi ne birnin Memphis, shekarar 1892.

Akwai wani shagon kayan masarufi a wata unguwa a gefen birnin, People's Grocery, baƙaƙen fata ne suka haɗa jari suka buɗe, kuma Allah ya sa masa albarka, ciniki ya buɗe har masu saye suka fara karkata can. Rigimar da ta zama sila ma abin dariya ce, yara ne suka yi faɗa a wajen wasa, manya suka shiga, magana ta girma har aka yi harbe-harbe aka kama mutanen shagon. Daren 9 ga Maris wani gungun mutane suka fitar da uku daga inda ake tsare da su, Thomas Moss da Calvin McDowell da Will Stewart, suka kai su bayan gari wajen layin dogo suka bindige su. Moss ma'aikacin gidan waya ne, mai raba wasiƙu, ya bar mata da juna biyu da 'yar ƙaramar yarinya.

Wannan yarinyar kuwa, uwar riƙonta ta coci ita ce Ida B. Wells, 'yar jarida mai hannun jari a wata ƙaramar jarida, Free Speech. An haife ta cikin bauta a 1862, annobar shawara ta kashe iyayenta tana da shekara 16, ita ta riƙe ƙannenta da albashin koyarwa, wato dai ta san ɗawainiya tun da wuri. Kuma abin da ya fi taɓa ni, ita da kanta ta faɗa daga baya cewa kafin wannan lokacin ta ɗan yarda da abin da ake yaɗawa, wai waɗanda ake yi wa irin wannan kisan gillar masu fyaɗe ne, jama'a ne suka fusata suka ɗauki doka a hannu. Sai ga shi an kashe mutumin da ta sani ciki da bai, tana shiga gidansa, ba wanda ya ma zarge shi da taɓa wata mace, abin da ya yi kawai shagonsa ya yi kasuwa.

Nan fa ta tashi tsaye, ba kuka kaɗai ta yi ba. Ta fara bin labaran kisan ɗaya bayan ɗaya, wa aka kashe, a ina, yaushe, me aka ce ya yi, wani wurin ta je da ƙafarta ta ji daga bakin mutanen gari. Dabararta kuma, alƙaluman jaridun fararen fata ta yi amfani da su don kada a ce ƙirƙira ta yi, da ɗan gari akan ci gari. Lissafi ya nuna mafi yawan waɗanda aka kashe ko zargin fyaɗen ma ba a yi musu ba, wani gardama ya yi, wani an ce ya yi rashin kunya, wani ba a ma san dalili ba. A ganina jijiyar abin ke nan, tsoron kada wanda aka saba gani a ƙasa ya miƙe ya yi kafaɗa da kai a kasuwa ko a rumfar zaɓe, sai kuma shirun waɗanda suka gani suka kau da kai.

Kuma rubutun nata bai tsaya a takarda ba. Ta ba mutanenta shawara su tara 'yan kuɗinsu su bar garin da ba zai kare rayukansu ba, dubbai suka tattara suka nufi yamma, da yawa Oklahoma, har limaman coci suka tafi da mabiyansu. Waɗanda suka rage suka ƙaurace wa motocin haya masu bin layin dogo a cikin gari, fiye da shekara 60 kafin ƙaurace wa motocin bas da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery, wadda kowa ke ambata. A watan Mayu, tana kan tafiya, aka farfasa ofishin jaridarta aka aika mata da barazanar kada ta kuskura ta dawo. Ba ta dawo ɗin ba, amma ta ci gaba daga New York da Chicago, ta buga ƙasida a 1892, ta buga wata mai cike da alƙaluma a 1895, ta tsallaka Ingila sau biyu tana lacca.

Sauran duk a kan wannan turbar suka bi. 1909 aka kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, Wells tana cikin waɗanda aka fara da su. 1955 mahaifiyar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi, ta ce a bar akwatin gawarsa a buɗe mutane su ga yadda aka yi masa. 2020 yarinya 'yar shekara 17 ta tsaya a bakin titi tana ɗaukar bidiyon Floyd, ta ƙi sauke wayarta. Wata ƙungiyar lauyoyi a Alabama ma ta bi sawun irin wancan lissafi, ta tattaro kisa sama da 4,400 tsakanin 1877 da 1950.

Masu cewa surutu ne ban ce ba su da gaskiya sam ba, akwai mai kallo don nishaɗi, akwai mai neman suna, ni ma na sha gani. Amma Wells sunaye ta rubuta da ranaku, ta kuma faɗa wa masu rai inda za su nufa. Ta rasu a 1931. Dokar tarayya da ta ayyana irin wannan kisan a matsayin laifin ƙiyayya kuwa sai a watan Maris na 2022 aka sa mata hannu, shekara 130 cif bayan daren da aka fitar da Moss da abokansa.