Hunturun ƙarshen shekara: ga amsoshin, don Allah a bar maimaita min

Tun da Disamba ta kama ake ta turo min tambayoyi iri ɗaya kamar ni ne NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya. Bari in amsa gaba ɗaya mu huta.

Sanyi zai ƙaru a satin Kirsimeti da sabuwar shekara?

Eh mana, Disamba zuwa Janairu ai nan ne tsakiyar hunturu. Kano da asuba yakan sauko wajen digiri 13, Jos kuwa har ƙasa da 10 ana gani. Da rana ta take kuma ka tuɓe rigar sanyin da kanka.

Za a yi ruwa?

A Arewa? A Disamba? Haba malam.

In kunna gawayi a ɗaki da dare?

Kar ki soma, Hajiya. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari, mutum yana barci ta tafi da shi. Ki dafa ruwan wankanki a waje, ki kashe wutar, ki ƙara bargo.

Zan je Abuja daga Kano ranar 24 ga Disamba, jirgi ko mota?

To nan ne ba zan yanke maka ba. Ƙurar nan mafi yawanta daga Bodele take tasowa, busasshen gindin tafki a arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, kwana ɗaya ko biyu ta rufe mu, shi ya sa hasashen da ya wuce kwana uku ban cika dogara da shi ba, yau garau gobe ba ka hango hasumiyar masallacin unguwarku. In ganin gaba ya yi ƙasa da mita 1,000 ana iya jinkirta jirgi ko a soke, ka yini a filin Malam Aminu Kano kana cin biskit. In biki ne ko abin da ba ya jira, ni dai da zan tafi kwana ɗaya kafin nan. Motar ma ba tsira ba ce, direban da ya yi sammako cikin hazo yana gudu ya fi jirgin da aka soke haɗari. Ka duba sanarwar NiMet ana gobe tafiya, ba sati biyu kafin ba.

Yarona na ta tari, leɓensa ya tsage.

Kwantar da hankalinki, bushewar iska ce galibi. Man kaɗanya, ruwan ɗumi, hula da safa. Amma in numfashi na masa wuya ko mai asma ne, asibiti yau ɗin nan, ba kemis ba.