Waiwaye: Sarautar Funj ta Sinnar, daga Amara Dunƙas zuwa shigowar Turkawa

Hausawan da ke zaune a Maiwurno da Sinja da Wad Madani sun san Sinnar da madatsar ruwanta, wadda aka kammala a 1925 don shayar da gonakin audugar Jazira. Sai dai garin da ke jikin madatsar sabo ne, a da ana kiran wurin Makwar. Tsohon birnin yana ɗan arewa da shi a gaɓar Shuɗin Nilu, kuma ya zama kufai. A nan ne sarakunan Funj suka yi fadarsu, a daular da Larabawan Sudan ke kira Saltanatuz Zarƙa, wadda ta rayu daga 1504 zuwa 1821.

Kafin Funj, daular Kirista ta Alwa ce ke riƙe da wannan yanki, babban birninta kuwa Soba ne, kusa da Khartum ta yau. Ƙarfinta ya riga ya ƙare a ƙarshen ƙarni na 15, yayin da kabilun Larabawa suka yawaita a ƙasar ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Jamma'a, kakan Abdallab. Labarin da ake koyarwa a makarantu shi ne cewa Jamma'a ya ƙulla ƙawance da Amara Dunƙas, suka haɗu suka rushe Soba. Wasu masana tarihi kuma suna ganin Larabawan ne suka fara cin birnin, daga baya Amara ya taso daga kudu ya rinjaye su. Ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne: Amara ya zama sarki, shugaban Abdallab kuma ya zama wakilinsa a arewa da sarautar Manjil, yana zaune a Ƙarri.

Asalin Funj kansa abin jayayya ne har yau. Sarakunan sun danganta kansu da Banu Umayya, kamar yadda gidajen sarauta da dama a ƙasashenmu ke neman asali daga gabas. James Bruce, mutumin Sukotlan da ya sauka a birnin a 1772, ya ce daga kabilar Shuluk ta Farin Nilu suka fito. Wasu sun nuna iyakar Habasha, shi kuwa Arkell, wani jami'in Turawan mulkin mallaka, ya kai su har Borno, ra'ayin da ke da daɗin ji a kunnen mutumin yamma amma hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Ƙarnin farko ya tafi ne wajen tsare iyaka da daidaita gida. Turkawan Santambul sun ci Masar a 1517, suka kama Sawakin a bakin Bahar Maliya, suka kuma matso ta kogin Nilu har iyaka ta tsaya a mafaɗar ruwa ta uku. A cikin gida kuwa Shehu Ajib, ɗan Jamma'a, ya yi ƙarfin da ya kusa haɗiye iyayen gidansa, har Sarki Adlan na ɗaya ya kashe shi a yaƙin Karkoj wajajen 1611. Abin lura shi ne wanda ya sasanta gidajen biyu bayan haka malami ne, Shehu Idris wad Arbab, kuma wannan alama ce ta inda iko zai karkata daga baya.

Daular ta kai ganiyarta a zamanin Badi na biyu, mai laƙabin Abu Diƙin, wato mai gemu, wanda ya yi mulki daga wajajen 1645 zuwa 1681. Ya kai yaƙi Farin Nilu da tsaunukan Taƙali, ya zo da bayi masu yawa ya zaunar da su a ƙauyukan da ke kewaye da birnin, daga cikinsu aka riƙa ɗibar dakarun sarki. Arzikin fada yana fitowa ne daga zinariyar Fazugli da bayi da hauren giwa da ƙaro da gashin jimina, kuma sarki ne ke riƙe da fataucin waje, ayarinsa ne ke zuwa Masar da Sawakin. Idan zai naɗa hakimi sai ya ɗora shi a kan kujerar katako da ake kira kakar, ya sa masa hula mai ƙaho biyu. Amma shi kansa sarkin ba a sake masa linzami ba, domin manyan fada suna da ikon yanke masa hukuncin kisa idan suka ga ya kauce, kuma akwai basarake na musamman, Sidul Ƙaum, wanda aikin zartar da hukuncin ke wuyansa.

A zamanin wannan daula ne Musulunci ya yi jijiya a ƙasar, ta hannun malamai da shehunan ɗariƙa fiye da ta hannun fada. Mahmud al-Araki ya dawo daga karatu a Masar ya buɗe makarantu a Farin Nilu, 'ya'yan Jabir suka yaɗa karatun Risala da Muhtasar Halil a ƙasar kabilar Shaiƙiyya, Tajuddini al-Bahari kuma ya zo daga Bagadaza da ɗariƙar Ƙadiriyya. Tarihin waɗannan bayin Allah yana cikin Ɗabaƙat na Wad Daifullah, wanda aka rubuta a ƙarshen zamanin daular. Sarakuna sun riƙa ba malamai filaye suna yafe musu haraji, har tsangayunsu, waɗanda a nan ake kira halwa, suka zama garuruwa masu cin gashin kansu, inda baƙo ke samun masauki, mai laifi kuma ke samun mafaka. Alhazan yamma da suka riƙa ratsowa ta Darfur da Kurdufan a hanyarsu ta zuwa Sawakin sun tarar da mazhabar Malikiyya da littattafan da suka baro a Kano da Katsina, da allo da tawada irin nasu. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa zama bai yi wa mutanenmu wuya a wannan yanki ba, har zuwa lokacin da Muhammadu Bello Maiwurno ya iso da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Sai dai abin da ya ƙarfafa addini da kasuwa shi ne ya raunana fada. Fatake masu zaman kansu, jallaba, sun yawaita, kuɗin azurfa na Sifaniya ya shiga kasuwanni, fatauci ya kuɓuce daga hannun sarki, hakimai kuma suka fara sayar da filaye suna ƙin aika haraji. An tuɓe Unsa na uku wajajen 1720, sarauta ta bar tsohon gidan ta koma hannun wani mai suna Nol. Ɗansa Badi na huɗu, Abu Shuluk, ya samu babbar nasara a 1744 lokacin da rundunarsa ta fatattaki Sarkin Habasha Iyasu na biyu a yankin kogin Dindir, amma bayan haka ya juya kan manyan fadarsa yana ƙwace musu ƙasa yana ba yaransa. Su kuma suka koma wurin Muhammadu Abu Likailik, sarkin yaƙin da ke Kurdufan, ɗan kabilar Hamaj, wanda ya dawo da rundunarsa ya tuɓe Badi a 1762.

Daga nan sarkin Funj ya zama na jeka-na-yi-ka. Wazirai daga gidan Abu Likailik ne ke naɗawa suna tuɓewa, kuma bayan rasuwarsa 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa suka shiga kashe juna a kan wazirci. Shaiƙiyya sun daɗe da ɓallewa, Shandi ta tsaya da ƙafarta, Kurdufan kuma ta faɗa hannun Sarkin Darfur.

Saboda haka lokacin da Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar da sunan Turkawan Santambul, ya turo ɗansa Isma'ila a 1820 don neman zinariya da bayin da zai mayar sojoji, Shaiƙiyya ne kaɗai suka yi masa turjiya ta gaske, a yaƙin Korti. Waziri Muhammadu wad Adlan ya yi niyyar tarar sa, amma abokan hamayyarsa na gida suka kashe shi kafin rundunar ta iso. A watan Yunin 1821 sarki na ƙarshe, shi ma mai suna Badi, ya fita ya yi mubaya'a, aka yanka masa albashi, Isma'ila ya shiga Sinnar ba tare da yaƙi ba, ya tarar da fadar ta riga ta fara zubewa. Zazzaɓin damina ya yi wa sojojinsa ɓarna har suka koma Wad Madani, shi kuma Isma'ila, Mak Nimir sarkin Shandi ya ƙone shi da wuta a garinsa a 1822 saboda harajin da ya ɗora masa. Turkawa suka rama da kisa mai yawa a ƙauyukan gaɓar Nilu, daga baya suka kafa hedikwatar mulkinsu a Khartum.